Tsoro na daji, kunya na gida: ga masu shirin bin hanyar Kalalau da abokai

Tun da hotunan tafiyarmu ta Hawai suka fita nake samun saƙonni iri biyu. Akwai masu cewa, "Malam, me ya yi zafi? Mutum da ɗakinsa da katifarsa, ya ɗora kaya a baya kamar ɗan dako, ya je yana rarrafe a gefen dutse?" Waɗannan ba ni da rigima da su, abin da wani ke so wani ko a kyauta ba zai karɓa ba. Kashi na biyu su suka sa ni zaman rubuta wannan dogon bayani: ƙannenmu da ke karatu ko aiki a Amurka da Kanada, waɗanda suka ce su ma sun haɗa tawaga, bana sai sun je, in ba su shawara kan takalmi da jakar goyo da tanti.

Maganar takalmi mai sauƙi ce, yaron shago ma zai yi muku bayani. Abin da nake so mu tattauna ba a sayar da shi a shago. A ganina, a hanya irin wannan abokan tafiyarka su ne kariyarka, kuma su ɗin dai za su iya jefa ka cikin halaka ba tare da sun yi niyya ba, saboda kara kawai. Duk tawagar da ba ta zauna tun a gida ta kashe maganar kara da kunya ba, wallahi gara ta fasa tafiyar, ko da an riga an sayi tikiti.

Bari in fara da wurin, saboda wanda bai san shi ba. Hanyar Kalalau tana tsibirin Kauai ne, ɗaya daga cikin tsibiran jihar Hawai a tsakiyar tekun Pasifik. (Ba "kawai" tamu ta Hausa ba fa, kodayake furucin ya yi kusa.) Gaɓar tsibirin ta arewa maso yamma ana ce mata Na Pali, a harshensu ma'anarsa bangayen dutse. Sunan ya dace, don duwatsu ne a tsaye ƙyam daga cikin teku, wasu sun kai mita 1,200. Mota ba ta shiga. Hanyar ƙafa ce ƙwaya ɗaya, mil 11, wato wajen kilomita 18, daga bakin tekun Ke'e zuwa bakin tekun Kalalau, kuma ta inda ka shiga ta nan za ka fito, ka ga mil 22 ke nan. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu kilomita 18 tafiyar rabin yini ce. Can kuwa hanyar ba ta san shimfiɗa ba. Ka hau, ka gangara cikin kwari, ka tsallake rafi, ka sake hawa, haka har kwari biyar, ga tanti da abinci da ruwa a bayanka.

Mil biyun farko, zuwa Hanakapiai, masu yawon yini ɗaya ma suna zuwa, har da yara. Daga nan gaba sai mai takardar izinin kwana. A mil na 6 akwai zangon Hanakoa, cikin kurmi, ga laima ga sauro. Wajen mil na 7 kuma sai wurin da ya yi wa hanyar suna a intanet, Crawler's Ledge, wato inda ake rarrafe. A wasu wuraren faɗinsa bai kai dardumar sallah ba. In kana shiga, bangon dutse na hagunka, a damanka kuwa babu komai sai iska, can ƙasa teku na dukan duwatsu. Sabis na waya babu shi a mafi yawan hanyar. In wani abu ya same ka, waɗanda kuka fito tare su ne asibitinka, su ne 'yan kwana-kwananka, har zuwa lokacin da wani zai kai labari.

To, a nan maganata take. Mu an yi mana tarbiyya da dauriya da kara, kuma a cikin gari abu ne mai kyau. Baƙo yana jin yunwa ya ce ya ƙoshi. Ka tambayi mutumin da ya wuni yana faskare, "Ina gajiya?" ya ce maka, "Ba gajiya." Bakinmu ya riga ya saba, amsar tana fita tun kafin mutum ya yi tunani. Yanzu ɗauki wannan ɗabi'ar ka kai ta mil na 7. Abokinka ƙafarsa na rawa, ruwansa ya ƙare tun awa guda da ta wuce, jiri ya fara ɗibarsa, ka waiwayo ka ce, "Mutumina, yaya dai?" ya ce, "Lafiya lau, mu je." Kai kuma ka yarda, don haka ake amsawa. A kan wannan "lafiya lau" ɗin za ku shiga wurin da kuskuren taku ɗaya ba shi da gyara.

Maza a ko'ina suna da wannan ciwon na ƙin nuna gazawa, Bature ma yana yi. Amma namu yana da nasa salo, don akwai girma da ƙanƙanta a ciki. Ƙaramin cikin tawaga ba zai iya buɗe baki ya ce wa babba, "Yaya, mu koma" ba, sai a ce ya yi rashin kunya ko ya cika tsoro. Babban kuma ba zai yarda yaron da aka haifa a gabansa ya ga ya gaza ba, gara ya mutu a tsaye. Wanda ya sha wahalar shirya tafiyar, ya kwana yana neman izini, ya tara kuɗin kowa, shi ma ana yi masa kara, kada a ɓata masa shiri. Sai ka ga mutum huɗu, kowanne a ransa yana so a tsaya, kowanne yana jiran wani ya fara faɗa, ana ta tafiya. Ba wanda ya yanke shawarar a ci gaba, amma an ci gaba.

Mu huɗu muka je, kuma daren da za mu shiga mun zauna a masauki mun yi wata magana da ta fi mini duk kayan da ke cikin jakata amfani. Muka ce duk wanda ya ce a tsaya, an tsaya. Ba za a tambaye shi dalili a wurin ba, ba za a tsokane shi ba, ko a hanya ko bayan an dawo gida. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don wanda ya san za a mayar da shi abin dariya a zauren WhatsApp shekara guda ba zai taɓa cewa a tsaya ba. Muka kuma ce ba a barin mutum shi kaɗai, ko da shi ya nema da bakinsa. Sannan muka daina tambayar "yaya gajiya". Likitan cikinmu ya ce tambayar banza ce, a riƙa tambayar abin da yake da amsa: ruwanka saura nawa, nuna mini gorar. Yaushe rabonka da fitsari? Cire takalmin nan mu ga diddigenka. Da farko abin ya zo mana banbaraƙwai, manya da gemu ana tambayar juna fitsari. Zuwa yini na biyu ya zama jiki.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, wurin rarrafen nan da ake ta ɗaukar bidiyonsa ba shi ne ya fi ban tsoro ba. In ƙasa a bushe take kuma babu iska, mai natsuwa zai wuce shi cikin 'yan mintoci. Jar ƙasar da ke gaba da shi, wadda ke zama kamar sabulu in ta jiƙe, ta fi tayar mini da hankali. Amma babban mai cin mutane a hanyar nan ruwa ne.

Tsakiyar tsibirin Kauai na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duniya. Dutsen Waialeale yana samun sama da milimita 9,000 a shekara, alhali Kano ba ta cika wuce 1,000 ba. Ruwan da ya sauka a can saman tsaunuka ta waɗannan ƙananan rafukan yake gangarowa teku. Kana iya kasancewa a bakin teku rana na dukanka, babu ko ɗigo, amma can sama ana tafka ruwa, cikin ɗan lokaci rafin da ka tsallake da safe a idon sawu ya zama kogi. A watan Afrilu na 2018 an auna inci 49.69, wato sama da milimita 1,260, cikin awa 24 a Waipa, kusa da garin Hanalei. Ba a taɓa auna irinsa cikin yini guda a Amurka ba. Ruwan shekarar Kano gaba ɗaya, har da ƙari, a kwana ɗaya. Zaftarewar ƙasa ta toshe titi, aka rufe hanyar Kalalau sama da shekara, sai watan Yuni na 2019 aka sake buɗewa. Kafin wannan, a Afrilun 2014, rafin Hanakapiai ya cika ya tare mutane, sai da jirgi mai saukar ungulu ya kwashe mutum 121 cikin kwana biyu.

Rafin Hanakapiai ɗin nan shi ne tarkon. Ga mai dawowa, shi ne tsallake na ƙarshe, saura mil biyu kacal ka isa mota. Ka yi kwana uku ko huɗu ba wanka mai kyau, kayanka a jiƙe, abinci ya ƙare, motar haya na cin kuɗi, jirginka na tashi da dare. Duk abin da ke cikin kanka yana ce maka shiga. Ruwa mai gudu kuwa in ya wuce gwiwa, ga jaka a baya, ga duwatsu masu santsi a ƙasa, ba ya buƙatar ƙarfi da yawa ya kayar da ƙato. Kuma 'yan taku kaɗan a ƙasa rafin ke shiga teku, a gaɓar da ba ta da shingen duwatsun ƙarƙashin ruwa da zai rage ƙarfin igiya. Ruwan wurin yana jan mutum ne zuwa tsakiya. A kan hanya kafin ka sauka akwai wani allon katako da aka yi wa zane-zanen ƙidayar waɗanda tekun wurin ya ci. Ba lissafin hukuma ba ne, amma duk wanda ya tsaya ya dube shi jikinsa zai yi sanyi.

Wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan labarin ba sai an kai shi Hawai ba. Kowace damina muna jin an ce ruwa ya tafi da wane a ƙorama yana dawowa daga kasuwa, ko kwale-kwale ya kife don an yi masa lodi fiye da kima. In ka bincika, sau da yawa akwai wanda ransa bai kwanta ba tun a bakin ruwa, ya yi shiru don kada a ce shi ne matsoraci.

Ranar da muke dawowa mun iso Hanakapiai bayan azahar, muka tarar ruwan ya koma kalar shayi mai madara, yana ƙugi, yana tafe da rassan itace. Babban cikinmu yana da jirgi a daren, washegari kuma aiki na jiransa. Ya tsaya ya ƙare wa ruwan kallo ya ce, "Kai, wannan ai bai wuce cinya ba, in muka riƙe hannu za mu wuce." Autanmu, ɗalibi ne, ya girme shi da shekara goma sha wani abu, ya ajiye jakarsa a ƙasa ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ni dai ba zan shiga ruwan nan ba." Aka yi shiru. Na ga ran babban ya ɓaci, amma ya haɗiye, ya ce, "Shi ke nan, an tsaya." Muka haura inda ya ɗan yi tudu muka shimfiɗa leda. Kusan awa biyar muka yi a wurin. Gab da magariba ruwan ya janye, ya washe har ana ganin duwatsun ƙasa, muka tsallake, muka ƙarasa mil biyun da tocila. Jirgi ya tashi ya bar shi, ya biya kuɗin canjin tikiti, kuma ba kuɗi kaɗan ba.

Ba zan ƙara wa miya gishiri ba. Muna zaune wasu mutum biyar suka riƙe hannu suka shiga, ɗaya ta zame aka fizgo ta, suka haye lafiya, har suna ɗago mana hannu daga can. Wani zai ce to ka gani, da kun bi su da ba a yi asarar tikiti ba. Ni ban yarda da wannan lissafin ba. Mutum ya tsallaka titin Abuja zuwa Kaduna ido rufe ya kai lafiya, ba ya nufin ya yi dabara. Ana auna shawara ne da abin da aka sani lokacin da ake yanke ta, kuma abin da muka sani a lokacin shi ne ruwa ja ne, ba a ganin ƙasansa, ba mu san ko ƙaruwa yake yi ba. Irin waɗannan rafukan yadda suke saurin cika haka suke saurin janyewa, jira ne kawai maganinsu. Su ma jami'an wurin abin da suke ta faɗa ke nan: in ruwa ya hau, ka zauna inda kake.

Akwai abin da ke ƙara rura wutar, wato kuɗi. Izinin kwana a Kalalau ana buɗe shi ne kwana 90 kafin ranar, kuma a lokacin bazararsu nan da nan yake ƙarewa. Baƙo yana biyan dala 35 kowane dare. Wannan ma ƙarami ne in aka haɗa da tikitin jirgi zuwa Lihue, da masauki, da motar haya, da hutun da aka roƙa a wurin aiki. Tun bayan ambaliyar 2018 kuma an ƙayyade masu shiga wurin shaƙatawar Haena, inda hanyar ta fara, zuwa mutum 900 a rana, bayan a da dubbai ke tururuwa. Ina goyon bayan wannan tsarin ɗari bisa ɗari, wurin ya samu ya numfasa, mutanen yankin ma sun samu sauƙi. Sai dai yana da illa ɗaya da ba a cika faɗa ba: ranarka ranarka ce, ko sama ta washe ko ta haɗe. Wanda ya jira wata uku, ya kashe abin da ya tara, in ya iso ya ga hadari, zuciyarsa za ta ce ai ba za a yi asara ba. Alhali kuɗin nan ya riga ya tafi, ko ka shiga ko ba ka shiga ba, ba mai dawo maka da shi a bakin tekun Kalalau. Abin da ya rage a hannunka ka yi caca da shi ranka ne da na abokanka.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a fuska. In kowa na da ikon tsayar da tawaga, to matsoraci ɗaya zai ɓata wa mutum uku tafiyar da suka shekara suna shiri. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ce hakan ba ya faruwa ba. Wata rana za a juya saboda tsoron da daga baya za a ga ba shi da tushe. Ni na yarda in biya wannan farashin. Amma yawancin matsalar ba a kan dutse ake warware ta ba, tun a gida ne. Ba kowane aboki ne abokin hanya ba. Akwai wanda kuka yi shekara ashirin kuna shan shayi tare, amininka ne na gaske, amma in ya leƙa ƙasa daga bene hawa uku sai ya riƙe bango. Kafin a sayi tikiti, a ɗauki jaka da cikakken nauyinta a je wani tsauni na kusa a wuni ana hawa da sauka, sau biyu ko uku. A nan kowa zai ga kansa. Kuma a nan ma kara ke shigowa, don faɗa wa amini "ba ka shirya ba, bari sai baɗi" ya fi hawan dutsen wuya. To a faɗa masa. Fushin mako biyu ne.

Kuma tsayawa ba lallai ta zama kowa ya koma ba. In ku huɗu ne, a Hanakoa ana iya rabuwa biyu-biyu, wasu su ƙarasa, wasu su kwana su jira, a sa lokacin haɗuwa. Shi ya sa na fi son huɗu a kan uku. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne, "Zauna a nan ka huta, yanzu za mu dawo." Mutumin da ya gaji, shi kaɗai, ba waya, yana jin kunyar ya gaza, shi ne zai tashi bayan awa ɗaya ya ce bari ya lallaɓa ya cim musu, ko ya juya shi kaɗai ya tarar da rafi ya cika.

Ɗaya gefen kuma akwai jarumin tawaga. Kowace ƙungiya tana da shi. Mai zuwa wurin motsa jiki kullum, wanda zai zura a guje ya ɓace, ya je ya zauna a kan dutse yana jira, da zarar na baya ya iso yana haki sai ya miƙe ya ce, "To mu je." Shi ya huta minti ashirin, wancan ko zama bai yi ba. Yana ganin ƙwazo yake nunawa, alhali shi ke tilasta wa mai rauni yin saurin da ya fi ƙarfinsa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro suna da jagaba a gaba, amma tashi da sauka maganar madugu ce, kuma ayari ba ya barin zango don mutum ɗaya ya ƙosa. Mu dai mai ƙarfin cikinmu muka sa a ƙarshe, wanda ya fi jinkiri yana na biyu. In an tsaya shan ruwa kuma, sai mai ƙarfin ya ce, "Kawo tukunyar gas ɗin nan, jakata da sauran wuri," ba tare da ya mayar da abin labari ba. Wannan ita ce jarumtar da ke da amfani a wurin.

Ɓoye ciwo ma yana cikin lissafi. A watan Satumba na 2024 hukuma ta rufe hanyar na wasu makonni bayan gomman masu kwana a Kalalau sun kamu da amai da gudawa, aka gano ƙwayar norobairos ce, mai saurin yaɗuwa ta hannu da banɗaki da abinci. Ka yi tunanin mutum yana wannan hali a mil na 11, sannan dole ya bi ta wurin rarrafe da jiki ba ƙarfi. Wanda cikinsa ya fara juyawa tun a masauki ya yi shiru don kada ya ɓata tafiya, ya ɗauki abokansa uku ya kai su inda babu asibiti. Ruwan rafukan ma komai kyansa a ido sai an tace ko an tafasa, don akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓeraye da aladu da awakin daji, kuma tana shiga ta rauni a fata.

Wannan ya kawo ni ga muhawarar da ake yi a can. Majalisar jihar Hawai ta sha tattauna ƙudurorin da za su sa wanda ya yi biris da gargaɗi ko ya shiga hanyar da aka rufe ya biya kuɗin ceto shi. Na fahimci fushin masu wannan ra'ayi. Tashin jirgi kuɗin jama'a ne, kuma ma'aikacin da aka zura da igiya a gefen dutse shi ma yana da iyali. Amma masu adawa da ƙudurin, cikinsu har da masu aikin ceton kansu, suna cewa in mutane suka san takardar biya na jiransu za su jinkirta neman taimako har sai abu ya lalace, ceton ya ƙara wuya. Ni a nan na tsaya. Wanda ya tsallake shingen da aka rubuta an rufe, a ci shi tara a kan tsallake shingen, tara mai zafi ma. Amma kada a ɗaura kuɗi a kan kiran neman agaji. Duk abin da zai sa mai rauni ya yi shiru, kunya ce ko tsoron biya, aiki ɗaya yake yi.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka ina hana zuwa ne. Wallahi wurin ya cancanci wahalar. In ka gangaro jan tudun ƙarshe ka hango kwarin Kalalau ya buɗe, duwatsu masu tsini kore shar a bayansa, ruwa na zubowa daga sama a ƙarshen rairayi, za ka manta da bororon da ke ƙafarka. Da dare taurari kamar a ƙauye lokacin da ba a kawo lantarki ba. A cikin kwarin har yanzu ana ganin jerin duwatsun da mutanen asali suka gina suna noman gwaza, don an zauna a wurin har farkon ƙarni na 20. A wannan kwarin ne a 1893 wani mutum mai suna Koolau ya ɓuya. Ya kamu da kuturta, hukuma ta ce za a kai shi sansanin kutare a tsibirin Molokai ba tare da matarsa Piilani ba, ya ƙi. Aka turo sojoji ba su iya kama shi ba. Matar, wadda ba ta da cutar, ta zauna da shi da ɗansu a ɓoye shekaru, ɗan ya rasu, mijin ya rasu, ta binne su da hannunta, sannan ta fito ita kaɗai. Muna zaune a bakin rafin da dare likitanmu ya ba mu labarin, babu wanda ya sake magana har muka shiga tanti.

Ga masu shirin zuwa bana, abu biyu zan roƙe ku a aikace. Ku bar yini guda cur tsakanin ranar fitowarku da ranar jirginku, don mutumin da ba ya sauri ba ya shiga ruwa ja. Kuma kowa ya ɓoye abincin yini ɗaya a ƙasan jaka wanda ba za a taɓa ba sai in an maƙale. Ku bar wa wani a gida ranar da ya kamata ya ji daga gare ku, da lambar da zai kira in bai ji ba. Ku duba sanarwar hukumar wuraren shaƙatawa ta jihar da safiyar shiga, don sukan rufe hanyar in an yi gargaɗin ambaliya, kuma in sun rufe, sun rufe.

Jerin kayan da muka ɗauka zan saka shi daban ranar Asabar in Allah ya kai mu, da nauyin kowanne. Amma tun yanzu, wanda zai iya samun garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino a shagon 'yan Afirka na garinsu ya saya. Ba nauyi, ba ya lalacewa, ba ya buƙatar wuta. Awa biyar ɗin da muka yi a bakin Hanakapiai shi muka jiƙa muka sha, abincin ledar da muka saya da tsada kuwa tun daren jiya ya ƙare.